Mutumin da Muka Bari a Sama

Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya, ni kuwa ina zaune a kan angarib, gadonmu na igiya, ƙarƙashin rumfa, gwiwoyina sun kumbura kamar ƙullun da ya kwana. Ina jin ƙamshin baƙar ƙasa, ina jin maza a bayan danga suna gyaran saluka, sandar nan da muke huda ƙasa da ita mu jefa iri, amma ko bakin ƙofa ba na iya kaiwa sai an riƙe ni. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Hajja Asha, ki huta mana." Ban taɓa jin kalmar da ke ba ni haushi irin wannan ba. Zaman nan ne ya dawo mini da daminar da mijina, marigayi Malam Haruna, ya yi a kan wannan gadon igiya, da abin wasan da ya kusa sa mu rasa gonar shekara guda.

Garinmu yana kusa da Abu Na'ama, tsakanin kogi da gonakin damina. A waccan shekarar, ana saura kaɗan azumi, Malam ya faɗo daga kan lori a hanyar Sinja, cinyarsa ta karye. A asibiti aka sa masa ƙarfe, likita ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai bayan damina. Malam ya ce to, a gaban likita. Muna fitowa ya ce mini likitan yaro ne, bai san ƙashin manomi ba.

Azumin ya zo a tsakiyar zafi. Da hantsi iska ke mutuwa, ƙasa ta tsattsage har akuya na iya karya ƙafa a cikin tsagar. Ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin azahar. Nakan jiƙa zane in shimfiɗa wa Malam a ƙirji, kafin in juya ya bushe. Kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba, dawar da ke cikin matmura, ramin da muke binne hatsi, ta yi ƙasa sosai, har sai na kwanta da ciki nake kai hannu gare ta. Na rage kaurin tuwo, na ƙara wa miyar kuɓewa ruwa, nama kuwa sai dai mu ji ƙamshinsa daga gidan maƙwabta. Da la'asar in toya kisra, wainarmu ta dawa marar kauri, in jiƙa abre, busasshiyar kisrar da ake jiƙawa a sha, in dafa wake kaɗan, maza su fitar da tire bakin hanya su sha ruwa tare. Malam kaɗai ke shan nasa a cikin gida tare da mata. Wannan ya fi karayar yi masa ciwo, na sani, ko da bai faɗa ba.

Abu guda ne ba a taɓa ba a gidan, buhun iri. Dawa ce fatarita da Malam ya zaɓa zangarniya zangarniya da hannunsa, yana ajiye da ita a ƙarƙashin gadonsa. A gidansu, tun daga kakansa, maigida ne ke jefa dunƙulen farko a kusurwar gabas ta gona, da bismillah, sannan kowa ya sa saluka. Ba a taɓa yin wata shekara da wani ya jefa masa ba. Na tambaye shi yadda za a yi bana, ya ce kafin ruwa ya sauka ya miƙe. Daga nan ya juya fuska ga danga. Haka yake wuni yake kwana, ba magana, ba faɗa, mutumin da a da ko kaza ta taka masa tabarma sai unguwa ta ji.

Ana cikin haka 'yarmu Nafisa ta zo hutu daga Wad Madani, inda take karatun injiniya, da wata tsohuwar kwamfuta da ta saya hannu. Muna da allon sola ɗaya a kan rumfa da batirin mota, da su nake cajin waya da kunna fitila. Yarinyar nan ta dubi ubanta kwana biyu, rana ta uku ta ja kujera kusa da shi ta buɗe abin a kan cikinsa.

"Yaba, duba wanga. Kai da kake gyaran injin ban-ruwa, ka taimake ni, rokata ta ƙi tashi."

Ƙarya take yi, rokarta lafiya lau. Amma ta san inda za ta kama shi. Wasa ne da ake harhaɗa roka, wato kumbo, tanki a kan tanki, injin a ƙasa, a saka wani ɗan mutum mai manyan idanu a ciki, a harba shi sama. Rubutun duk Turanci ne, ita ke fassara masa, rabi Hausa rabi Larabci. Kafin mako ya zagayo Malam ya daina kallon danga. Ni kuma na daina samun caji, wayata ta mutu, fitila ta koma ta kananzir. Na yi ta mita, amma a raina na ji daɗi, don na sake jin muryarsa yana zagin wani abu.

Ni ina tankaɗe a gefe, kunnena yana can, har na fahimci abin fiye da yadda suke zato. Ba yawo kawai ake aika ɗan mutumin ya yi ba. Ana aika shi ne ya tattaro sani. A jikin kumbon akwai ma'aunin zafi, da na nauyin iska, da wani akwati da ake buɗewa a ga abin da sama za ta yi wa kayan ciki. In ya sauka wani wuri ya ɗebi ƙasa, ya kuma faɗi abin da idonsa ya gani. Kowane sabon wuri da nasa bayanin. In bayanan suka iso gida sai a ba ka maki, da makin kake buɗe sababbin kaya, injin mai ƙarfi, tanki babba. Hanyar isowarsu kuwa biyu ce. Ko ka ɗaga eriya ka aiko su nan take, su ci batirin kumbo, su iso a rage. Ko ka adana su a ɗakin ɗan mutumin, ka dawo da shi gida lafiya, a ba ka makinka cif.

"A rage kamar ƙaƙa?" in ji Malam.

"Ya'ani wani rabi, wani ko rabin bai kai ba. Ƙasa in ka aiko labarinta, ba kamar ka kawo ta a hannu ba ne, Yaba."

"Wane irin ɗan aike ne wanga, mai cin saƙo a hanya? Kalas, ba ni aikawa. Abin da munka tara, mu kawo shi da kanmu."

Da na ji haka na ce a raina, to, ga Haruna ya shiga kwamfuta da halinsa.

Surukata, Habboba Dije, tana nan da ranta a lokacin, ido ya yi rauni amma baki garau. Ita ta raɗa wa ɗan mutumin suna Tanko, sunan wani kawunta da ya wuce gabas da niyyar Makka tun tana yarinya, bai kai ba, bai dawo ba, sai gaisuwarsa da ke zuwa a bakin matafiya. Nafisa ta yi ta gaya mata cewa zane ne, ba mutum ba ne.

"In ba mutum ba ne, mi ya sa shika zare ido in abin ya girgiza?"

Ranar da Tanko ya fara kewaya duniya, rana ta riƙa faɗuwa tana fitowa a gabansa kafin a gama tafasa shayi. Habboba ta tsaya a kai da gaske, tana son ta san da wace faɗuwar ranar bawan Allah zai sha ruwa. Malam ya yi gyaran murya ya ce matafiyi ne, an ɗauke masa, ya rama in ya dawo. Muka yi dariya har ƙishirwa ta ƙaru. Ita ce dariyar farko a gidan tun faɗowarsa daga lorin.

Sau ɗaya ya yi asara, ita ma ta ƙara masa taurin kai. Ya tara awo mai yawa ya bar shi a jikin na'urorin da ke waje, da kumbon ya shigo iska sai wuta ta cinye su, ɗakin Tanko kaɗai ya sauko da laima, ba komai a ciki. Malam ya ce laifinsa ne, wa ke barin dami a gona ya ce ya yi kaka? Daga ranar duk awon da aka yi sai ya sa Tanko ya fito ya kwashe ya shigar ɗaki. Ɗakin ma ya canza masa suna, ya koma matmura. Eriya kuwa tana nan a naɗe a jikin kumbo, Nafisa ce ta dage aka ɗaura ta, bai taɓa buɗe ta ba.

A goman ƙarshe na azumi hadari ya haɗu daga kudu. Iska ta fara zuwa da sanyi da ƙamshin ƙasar wasu, sannan ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Tsagogin ƙasa suka sha suka rufe, kwaɗi suka fito, yara suka yi ta tsalle a cikin taɓo. Mu a nan ruwanmu gajere ne, shi ma na bana ya makara. In ƙasa ta sha iska kaɗan ba ka shuka ba, ciyawa za ta riga ka, kuma dawar da aka shuka a makare ruwa kan ɗauke ya bar ta da ciki, ba ta fidda kai ba. Kowa a garin ya san wannan, Malam ya fi kowa sani.

Ƙanensa Usman ya gama tasa gonar ya zo ya durƙusa gaban angarib.

"Yaya, ka ba ni irin. In kira nafir, mutane sun ce suna zuwa, rana guda mu gama maka."

Nafir shi ne gayyarmu, kowa ya zo da salukarsa, mai gona ya ciyar. Malam ya yi wa mutane da yawa, babu wanda zai ƙi shi.

"Kai kana shuka kamar mai watsa wa kaji tsaba," in ji Malam. "Rami guda ka zuba na rami ukku. Layinka kamar tafiyar maciji. Ku bari, bayan Salla ni tashi."

Usman ya dube ni, na dubi ƙasa. A ɗauke shi a kai shi gonar ma ba zai yiwu ba, hanyar ta zama laka mai kama ƙafa har gwiwa, jaki ma da ƙyar, balle a ɗauki mutum mai ƙarfe a cinya. Da la'asar ɗin nan na ga Malam ya dafa bango ya gwada tsayuwa yana zaton ba na gani. Fuskarsa ta koma toka, ya zube a kan gadon, gumi na karyo masa. Na shiga madafa na yi kukana a gaban murhu, na ce hayaƙi ne.

A kwanakin ne kuma suka yi babbar tafiyarsu. Tanko ya sauka a kan wata. Ya ɗebi ƙasa, ya auna zafi, ya auna abin da ban san sunansa ba, ya cika matmurarsa fal. Da ya taso zai dawo, mai ya ƙare. Kumbon ya tsaya yana kewaya wata, ba gaba ba baya. Malam ya ce a gina wani a je a ɗauko shi. Nafisa ta ce injin da zai iya wannan aikin a rufe yake, sai an biya maki, makin kuwa ga shi can a ɗakin Tanko. Batirin kumbon saura na aike guda, kuma yana raguwa duk lokacin da aka buɗe wasan. Namu batirin ma haka, don hadari ya rufe rana, allon sola ba ya samun abin kirki. Nafisa kuma tana komawa Madani bayan Salla da kwamfutarta, kafin hanya ta yanke.

"Ka aiko, Yaba. Ko kaɗan ne ya iso."

"In aiko a ba ni ƙura? Wahalar da munka sha duka?"

Salla ta zo ta wuce, muka yi ta da abin da ya samu. Gonakin mutane suka fara tsirowa, kore siriri a kan baƙar ƙasa. Tamu tana kwance, ciyawa ta fara leƙowa. Nakan bi ta wata hanya in zan je ɗiban ruwa don kada in gan ta. Na leƙa matmura na ga gindinta, na san in gonar nan ta wuce mu, badi sai dai mu ci irin da ke ƙarƙashin gado, daga nan kuma mu shiga hannun mutane.

Washegarin Salla da hantsi na same su shi da 'yarsa sun zuba wa allo ido, Tanko na ta kewayawa da idanunsa a zare. Raina ya ɓaci, na ajiye ƙwaryar da ke hannuna da ƙarfi.

"Malam, kai da Tanko duk ɗaya kuke. Kowa na zaune bisa abin da ya tara, ba shi iya tahowa da shi, ya kuma hana a amsa. Shi ko banza ba shi da ɗiya masu cin tuwo. Kai fa?"

Nafisa ta ce mini, "Haba Yumma!" Ban saurare ta ba. Shekara da shekaru ban taɓa yi masa magana haka a gaban yara ba, kuma har yau ban ga abin janyewa a ciki ba. Malam ya dube ni, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Kafin ya buɗe baki Habboba ta yi magana daga kan tabarmarta, a hankali, kamar ba da mu take ba.

"Kawu Tanko bai kawo muna ko dabino guda ba. Amma duk wanda ya zo da gaisuwarshi, uwata sai ta yi kwana bakwai tana murna. Da ya ce sai ya zo da kanshi, da ba mu ji komi ba."

Kwaɗi na ta kuka daga bayan gida. Malam ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce wa Nafisa, murya ƙasa ƙasa, "Ina abin buɗe eriyar?"

Ta nuna masa. Ya danna da ɗan yatsansa mai kaushi. Eriyar ta warware kamar laima, wani layi ya fara cika a hankali, batirin kumbon na sauka, mu huɗu mun kafa kai har da ni mai mita. Awon zafi ya iso a rage. Labarin ƙasar wata ya iso, ɗan kaɗan ƙwarai, Malam ya yi tsaki. Sai na ƙarshe ya shigo, Nafisa ta ce, "Wanga ya iso duka."

"Wanne?"

"Abin da Tanko ya gani da idonshi ya faɗa da bakinshi. Shi ba a rage shi."

Fitilar kumbon ta mutu. Malam ya rufe kwamfutar da kansa, ya ce in jawo buhun. Na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na kwance bakin. Ya tura hannu har wuyan hannu, ya ɗebo dunƙule guda, ya riƙe shi ya yi bismillah a kai. Na zaci Usman zai sa a kira. Sai ya kamo bakin mayafina ya zuba a ciki, ya ƙulle da kansa, ƙulli biyu.

"Kusurwar gabas, wajen tushen aduwa. Ki fuskanci alƙibla. Ki ce ma Usman ƙwaya kaɗan a rami, taki guda tsakani, kuma ya ja igiya, kar ya yi mini layi da ido. Ki faɗa mashi yadda na faɗa, kar ki rage."

"Mace ta taɓa jefawa a gidanku?" na tambaye shi.

"Ba ke ka jefawa ba, ni na. Ke eriya ce."

Na so in yi fushi da wannan suna, dariya ta ƙwace mini, hawaye kuma suka biyo ta.

Da sassafe nafir ya fita. Na taka lakar nan takalmi a hannu, ƙullin na bugun ƙirjina. Maza suka tsaya jere da salukarsu suna kallona, wasu na murmushi, wani tsoho ya kau da kai. Na je tushen aduwa na kwance mayafi, na jefa. Sannan na juya na karanta wa Usman saƙon yayansa kalma kalma, har da zancen igiya, a gaban kowa. Ya ce, "Tamam, ya Hajja, ko muryar tashi kin kawo." Muka dafa musu tuwo da sauran dawar da na kankare daga gindin matmura, da shayi mai ɗan sukari. Kafin la'asar an rufe rami na ƙarshe.

Gonar ba ta yi kamar ta hannun Malam ba. An makara, gefen yamma bai nuna ba, layin Usman kuma duk da igiyar sai da ya karkace. Da aka kawo dawar gida Malam, yana dogara sanda a lokacin, ya dubi tarin ya ce rabi ne. Na ce rabin ne za mu ci. Mun ci kuwa har wata kakar, muka fidda iri a ciki.

Tanko dai ba a ɗauko shi ba. Makin da ya iso ya buɗe injin, amma Nafisa ta tafi washegari, kafin ta sake zuwa kwamfutar ta lalace. Habboba har ta bar duniya in tana addu'a ga matafiya takan sa sunansa, ba mu taɓa sanin wane Tankon take nufi ba. Malam ya ƙara jefa irinsa da hannunsa shekaru kaɗan, sannan ya bi ta. Tun daga nan ni ke jefawa, babu wanda ya ce uffan.

Yanzu gidan da allon sola har uku, jikoki kowa da wasansa a waya, gonar ma rabinta tarakta ke bi. Kusurwar gabas ce dai ba a taɓawa sai an jefa. Jiya Usman, shi ma ya yi furfura, ya zo ya ce ƙasa ta sha iska. Na ce masa su dakata, jibi gwiwar za ta saki. Ya dubi Nafisa da ta zo duba ni daga Madani. Ita kuma ta matso ta zauna a bakin angarib, ta shimfiɗa bakin mayafinta a kan cinyata.

Na zage ta, na ce ta yi gadon baƙin wayo. Sannan na ce a jawo mini buhun.